Lamba Zarar Bunu Ce

Da farko ina miƙa godiyata ga editan wannan mujalla tamu da ya ba ni fili, da kuma malaminmu na kwamfuta, wanda a bakinsa na fara jin abin da zan yi magana a kansa. 'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu masu karatu, maganata a kan lamba ce, kuma ra'ayina shi ne duk lambar da aka riga aka ba wani, jama'a suka san shi da ita, to, ba daidai ba ne a karɓe ta a ba wani dabam, ko da kuwa yin haka zai sa littafi ya yi kyaun gani.

Bari in fara da abin da ya same ni. Kowa ya sani a nan kowane ɗan kwana yana da lambarsa ta gida, wadda ake rubutawa a jikin bokiti da akwati da kayan sawa. Tawa 86 ce tun ina aji ɗaya, kuma mahaifiyata da hannunta ta ɗinka ta da jan zare a bakin bargona da zannuwan gadona. Bara sai wani shugaban gida, wanda ba zan kama sunansa ba domin da kyakkyawar niyya ya yi, ya duba littafi ya ga lambobin sun yi giɓi-giɓi saboda waɗanda suka gama suka tafi. Sai ya sake jera mu bisa harufan sunayenmu, na koma 41, aka ba wani sabon yaro 86. Littafi ya yi tsaf, amma jan zaren da ke jikin bargona bai san an yi canji ba. Da aka kawo wanki sai bargo ya bi lambarsa zuwa gadon sabon yaro, na kwana uku cikin sanyin hunturu ina makyarkyata kafin a gano inda ya shiga. Bayan mako biyu kawuna ya ajiye mini ƙunshin ƙuli-ƙuli da garin kwaki a bakin ƙofa, an rubuta 86 a jiki, shi ma ya bi sawun bargo.

Da na ba malaminmu wannan labari sai ya yi dariya, ya ce masu gina babbar manhajar kwamfuta sun daɗe da sanin wannan ciwo, har sun kafa masa doka. Ya zaunar da mu gaban tsohuwar kwamfutar nan ta ɗakin gwaji, ya buɗe mana wani jadawali mai cike da lambobi da sunaye. Abin da na fahimta daga gare shi, da wanda na ƙara bincikawa lokacin hutu, shi ne zan kawo muku.

Kowace kwamfuta, har da wayar hannu, tana da babbar manhaja wadda ke sarrafa ta, kamar Windows ko Linux. A tsakiyar babbar manhajar akwai wani sashe da zan kira cibiya. Cibiya ita kaɗai ke da iznin taɓa kayan na'ura kai tsaye, watau ma'ajiyar fayil, da allo, da hanyar intanet, da sauransu. Ƙananan manhajoji, irin su na rubutu ko na kallon hoto, ba su da wannan izni. Misalinsu kamar mu ne da mai sito. Ba wanda ke shiga sito ya ɗebo sabulu da kansa, sai dai ka tsaya a taga ka faɗi bukatarka, shi ya miƙo maka. Wannan tsayawa a taga ita ce zan kira kiran cibiya.

To, amma cibiya ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, lamba kawai take ji. In manhaja tana son ta rubuta wani abu, sai ta ajiye lambar wannan aiki a wani ɗan gurbi cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ta ajiye sauran bayani a wasu gurabe, sa'an nan ta ƙwanƙwasa taga. Cibiya ta ɗauki lambar, ta duba jadawalinta, ta yi aikin da ke gaban wannan lamba. A Linux, a kan kwamfutoci irin na ɗakin gwajinmu masu bit 64, lamba 0 ita ce karantawa, 1 rubutawa, 2 buɗe fayil, 3 rufe shi, 60 kuwa ita ce manhaja ta ce ta gama aikinta za ta fita.

Ga inda gizo ke saƙa. Sa'ad da aka gama haɗa manhaja aka rarraba wa jama'a, waɗannan lambobi sun riga sun shiga jikinta, kamar yadda jan zare ya shiga bakin bargona. Mai yiwuwa wanda ya rubuta ta ya mutu, ko kamfaninsa ya rushe, amma manhajar tana nan tana aiki a wani banki ko asibiti, tana kiran lambobin da ta sani. A wannan jadawali lamba 4 ita ce a tambayi labarin fayil, girmansa da ranar da aka taɓa shi, lamba 87 kuwa ita ce a share fayil. Dukansu biyu sunan fayil ake miƙa musu. Ku duba abin da zai faru in wani mai son tsafta ya sake jera jadawali har aikin 87 ya koma kan 4. Tsohuwar manhaja za ta zo tambayar girman fayil ɗin sakamakon jarrabawarmu, cibiya kuwa ta share shi, ba wanda zai ji ko ƙara. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Saboda haka masu aikin Linux suke bin ƙa'ida mai tsanani. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a shekarar 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya tsaya kai da fata cewa sabuwar cibiya ba za ta karya manhajar da ke aiki a kan tsohuwa ba. A watan Disamba na 2012 ya yi wa ɗaya daga cikin manyan masu taimaka masa faɗa mai zafi, don wani ɗan canji da aka yi ya hana wata manhajar sauti aiki, shi kuma mutumin ya nemi ɗora laifin a kan manhajar. A wurin Torvalds, in canjin cibiya ya karya manhajar mutane, laifin na cibiya ne, sai a warware canjin.

Daga wannan ƙa'ida abubuwa uku suka fito game da lamba. Na farko, sabon kira a ƙarshen jadawali ake ɗora shi, a ba shi lambar da ke biye. Ana fitar da sabuwar cibiyar Linux kusan kowane mako tara ko goma, kuma wani lokaci mutum biyu kan zaɓi lamba guda domin kowa ya ga ita ce ta gaba. Wannan ba matsala ba ce muddin ana cikin gwaji, sai a daidaita su, ɗaya ya matsa gaba. Amma ranar da aka fitar da cibiyar ga duniya, magana ta ƙare. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Haka lamba take.

Na biyu, in kira ya mutu, ba a ba wani lambarsa. A jadawalin da malam ya nuna mana akwai lamba 184, wadda aka keɓe wa wani aiki mai suna tuxcall da bai taɓa shiga cibiyar ba, kuma an bar ta haka nan. Akwai 156, ta wani tsohon kira mai suna sysctl, wanda aka daɗe ana gargaɗin mutane su daina amfani da shi, sa'an nan aka cire shi a Linux 5.5 a shekarar 2020. An cire aikin, amma lambar tana nan kamar kangon gida. Duk manhajar da ta ƙwanƙwasa wannan ƙofa, amsa guda za ta samu, cewa babu wannan aiki a nan. Wannan amsa tana da amfani ƙwarai, gama manhaja mai hankali in ta ji haka sai ta nemi wata hanya. Ya fi mata sau dubu a ce mata babu, da a yi mata aikin da ba ta nema ba.

Na uku, in an gane an yi kuskure wajen tsara wani kira, ba a gyara shi a inda yake. Sai a haifi sabo, a ba shi sabuwar lamba, tsohon kuma ya ci gaba da yi wa tsofaffin manhajoji hidima. Shi ya sa za ka ga sunaye masu lamba a wutsiya. A shekarar 2008 aka kawo dup3 da pipe2 domin na farkon ba su da gurbin da za a ƙara musu umarni. Kiran buɗe fayil ma ya yi 'ya'ya, daga open aka sami openat, daga baya a 2020 aka sami openat2 mai lamba 437, kuma lamba 2 tana nan tana buɗe fayil kamar yadda ta saba.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na agogo. Tsofaffin na'urori masu bit 32 suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙa, tun daga ranar 1 ga Janairu 1970, kuma gurbin da suke ajiye ƙirgar ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Wannan ƙirga za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038, lokacin ni ban ko kai shekara talatin ba. Da an faɗaɗa gurbin a cikin tsofaffin kiran, da duk manhajojin da suka saba da ƙaramin gurbi sun rikice. Sai aka kawo sababbin kira masu faffaɗan gurbi a Linux 5.1 a shekarar 2019, aka ba su lambobi daga 403 zuwa 423, aka bar na da a wurarensu.

Wani zai tambaya, shin lambobin nan iri ɗaya ne a kowace na'ura? A'a, kuma wannan ma akwai darasi a ciki. A kan tsofaffin kwamfutoci masu bit 32 na samfurin Intel, lamba 1 fita ce, 2 haifar sabon aiki, 3 karantawa, 4 rubutawa, 5 buɗewa, 6 rufewa. Wannan jeri Linux ta gaje shi ne daga Unix, babbar manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a shekarar 1969. Da samfuri mai bit 64 ya zo, ba shi da tsofaffin manhajoji nasa na kansa da za a karya, sai aka sami damar yin sabon jeri, aka sa ayyukan da aka fi yawan kira a gaba. Wayoyin Android da ke hannun iyayenmu su ma cibiyar Linux ce a cikinsu, amma a samfurin ARM mai bit 64 da yawancinsu ke amfani da shi, karantawa 63 ce, rubutawa 64, fita kuwa 93. Watau lamba 1 da ke nufin rubuta a wannan na'ura, a waccan tana nufin fita. Sabon gida yana iya jera lambobinsa yadda ya so ranar da aka buɗe shi. Bayan mutane sun tare, dama ta wuce.

Wannan bambanci ya daɗe yana wahalar da masu aiki, domin kowane sabon kira sai an nema masa lamba dabam a kowane samfuri. A 2019 suka yi shawara cewa daga lamba 424 duk sabon kira zai ɗauki lamba guda a kusan dukan samfura. Wani injiniya mai suna Arnd Bergmann yana cikin waɗanda suka ja gaban wannan aiki. Ku lura da yadda suka yi. Ba su taɓa ko ɗaya daga cikin tsofaffin lambobi ba. A jadawalin bit 64 lokacin an tsaya ne a 334, sai kawai aka yi tsalle zuwa 424, aka bar wawakeken giɓi a tsakani. Sun yarda jadawali ya yi muni, don kada manhajar kowa ta karye. Daga nan aka ci gaba da ƙirga tare, har a shekarar 2024 wani kira mai suna mseal ya sami 462.

Yanzu bari in saurari masu ja da ni, domin a ɗakin gwaji ma sai da muka yi gardama. Wani abokina ya ce wannan hali ne na mai tara tarkace. Ya ce kowane tsohon kira kaya ne da za a yi ta ɗauka har abada, sai an kula da shi, sai an gwada shi, kuma ɓarayin intanet sukan nemi kafa a irin waɗannan tsofaffin ƙofofi da ba a cika dubawa ba. Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Amma sai a auna kayan biyu a ga wanne ya fi nauyi. Wahalar riƙe tsohon kira tana kan masu gina cibiya, waɗanda suka san aikin kuma suka ɗauke shi da saninsu. Wahalar karya shi kuwa tana faɗawa kan miliyoyin mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, irin akawun da zai zo ofis da safe ya tarar manhajar albashi ta ƙi tashi. Ni dai a ganina wanda ya yi alkawari shi ya kamata ya ɗauki nauyinsa. Alkawari kaya ne.

Wani kuma ya ce ai Windows tana canza lambobinta daga fitowa zuwa fitowa, kuma duniya ba ta tashi ba. Wannan ma haka yake, amma akwai dalili. A Windows manhaja ba ta zuwa taga da kanta. Akwai ɗan aike a tsakani, wani fayil mai suna ntdll, wanda kamfanin Microsoft ke fitarwa tare da cibiyar. Manhaja ta kira ɗan aike da sunan aiki, shi kuma ya san lambar da ake ciki yau. Ashe su ma sun yi alkawari, sai dai a kan suna suka yi shi. Kamfanin Apple ma haka yake yi, kuma waɗanda suka tsallake ɗan aikensa sun ɗanɗana kuɗarsu. A shekarar 2016, da aka fitar da macOS Sierra, manhajojin da aka haɗa da tsohon harshen Go sun sami matsala, domin suna zuwa taga kai tsaye, Apple kuwa ta canza yadda kiran tambayar lokaci yake amsawa. Daga baya masu harshen Go suka koma bi ta hannun ɗan aike.

Linux ba za ta iya bin wannan hanya ba, domin masu gina cibiyarta dabam, masu gina 'yan aike dabam. Akwai glibc ta ƙungiyar GNU, akwai musl, akwai bionic ta Android, kuma akwai manhajojin da ba su bi ta kan kowa. Tun da ba hannu ɗaya ke riƙe da su duka ba, ba inda za a ƙulla alkawari sai a kan lambar kanta. Saboda haka maganar abokina ba ta rushe tawa ba, ƙara mata ƙarfi ta yi. Ko a kan suna ko a kan lamba, dole a sami abu guda da ba ya motsi, wanda mutane za su dogara da shi.

Akwai wani amfani kuma da wannan doka ta haifar, wanda shi ne ya fi zama darasi gare mu. Tun da an san lamba ba ta dawowa, ba a gaggawar ba da ita. Mai son ƙara sabon kira sai ya kawo hujja, a yi ta tankaɗe da rairaya, wani lokaci wata da watanni, a tambaye shi ko babu wata tsohuwar hanya da za ta biya bukata. Har a rubuce aka shawarci masu kawo sabon kira su bar masa gurbin ƙarin umarni tun daga farko, domin kada gobe a sake neman wata lamba kamar yadda aka yi da dup3. Rigakafi ya fi magani. Mutumin da ya san ba zai iya janye maganarsa ba, shi ne ke tauna ta kafin ya furta.

To, jama'a, me ya shafe mu? Cikinmu akwai waɗanda za su zama masu rubuta manhaja, akwai akawuna, akwai ma'aikatan asibiti masu ba da katin marasa lafiya, akwai masu raba lambar fili da ta rumfar kasuwa. Kowannenmu wata rana zai zauna gaban wani littafi mai giɓi, zuciyarsa ta raya masa ya share ya sake jerawa. Ina roƙonsa ya tsaya ya tambayi kansa, a ina da ina aka riga aka ɗinka wannan lamba? Wa ke can nesa yana riƙe da ita, bai san za a canza ba? Littafin da ke gabanka kana ganinsa, amma ba ka ganin bargunan da ke cikin wanki.

Ga shugabannin gidajen kwananmu kuma ina ba da shawara cikin ladabi. Yaro ya riƙe lambar da aka ba shi ran da ya shigo har ran da zai fita. In ya fita, a ja layi a kan sunansa, a bar lambar ta huta, domin sau da yawa kayansa suna nan a hannun ƙannensa da lambar a jiki. Sabon yaro a ba shi ta ƙarshen littafi. In lambobi sun yi yawa, tawada ce kawai za ta ƙaru, ita kuwa ba ta kai bargo tsada ba. Shugaban gidanmu na bana ya karɓi wannan shawara, an mayar mini da 86, mahaifiyata kuma ba ta sha wahalar farke ɗinki ba.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu su riƙa ƙarfafa mana gwiwa a kan ilmin kwamfuta, gama ba danne-danne kaɗai ake koya a cikinsa ba, har da riƙon amana. Inda na yi kuskure malamai su gyara mini. Allah ya ba mu ikon cika alkawari, ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke gabanmu, amin.